Injin Yankan Ciyawa da Filayen Gombe: Daga Ina Ake Fara Zaɓe?



Za a iya cewa batun injin yankan ciyawa bai kai a tara dattawa a kansa ba, amma a garin Gombe ya kai. Tun da garin nan ya zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suke ta cinye gonaki da tuddai, ruwan da a da yake nutsewa a ƙasa ya koma gudu a kan kwano da kwalta, yana gangarowa daga tudun yamma zuwa gabas. Ƙasarmu kuwa jigawa ce mai saurin ɓarkewa. Kowa ya ga kwazazzaban da suka yi barazana ga Jami'ar Jihar Gombe da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, har sai da aka shigo da tallafin Bankin Duniya aka yi musu aikin kankare. A irin wannan gari, ciyawar da ke filin makaranta ko asibiti ko filin Idi ba ado ba ce kawai, saiwoyinta ne suke riƙe da ƙasar. Don haka aikin injin shi ne ya rage tsawon ciyawa ya bar ta da ranta. Abin da nake son tabbatarwa a yau guda ɗaya ne: ƙarkon inji ba a jikinsa kaɗai yake ba, yana cikin dacewarsa da filin da zai yi aiki da kuma hannun da zai gyara shi. Duk wanda ya fara zaɓe daga sunan kamfani ko ƙarfin doki, ya fara daga ƙarshe.

Mu duba inda abin ya fito. Edwin Budding ne ya ƙirƙiri injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, domin filayen wasa da lambuna masu laushi da ake ta lallaɓawa shekara da shekaru. Injinan hawa da muke gani a shaguna kuwa, galibinsu an ƙera su ne domin magidancin Amurka mai fili shimfiɗaɗɗe a bayan gida, wanda zai hau na 'yan sa'o'i a mako ya mayar rumfa. Ku kwatanta da filin wata makarantar kwana a nan: ga suri, ga tsakuwa, ga kututturen darbejiya da aka sare aka manta, ga guntun bulo da rodi da magina suka bari, ga ƙananan ramukan da ruwan Agusta ya haƙa, ga gamba da kyasuwa da suka kai ƙugu kafin a dawo hutu. Lissafin ma ba wuya. Inji mai faɗin yanka santimita 107, idan yana tafiyar kilomita 6 a sa'a, zai ci wajen rabin hekta a sa'a guda idan aka cire juyi da kauce-kauce. Makaranta mai hekta 10 da za ta yi yanka duk mako biyu a cikin wata biyar na damina tana neman sa'o'i 200 ke nan a shekara, a ƙasa mai gargada. Ƙaramin injin gida ba a yi shi don wannan ba, kuma idan ya mutu a damina ta biyu ba ha'inci ya yi ba.

Saboda haka matakin farko ba a kasuwa yake ba. A zaga filin da ƙafa bayan an ɗauke ruwan sama, a ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya, a auna gangare. Masu ƙera injinan nan sukan gargaɗi kada a hau da su gangaren da ya wuce digiri 15, wato kusan hawan mita ɗaya a cikin mita huɗu, abin da kowane magini zai auna da katako da ma'aunin ruwa. Wurin da ya wuce haka ba na injin hawa ba ne ko kaɗan, domin yana kifewa da mutum, kuma wuƙaƙensa ba sa tsayawa nan take. Irin wannan wuri a dasa masa jema ko kiri-kiri, a riƙa rage shi da injin rataye ko lauje. Sauran filin kuma a tsince duwatsu, a tone kututture, a baje suri, a cike ramuka. Kuɗin da aka kashe a wannan sharar ya fi kowane garanti tsawaita ran inji.

Sai a zo kan injin kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ake yaudarar masu saye. Abin da ake rubutawa da manyan baƙi shi ne ƙarfin doki, alhali ba kasafai injin ne yake fara mutuwa ba. Giya ce take fara mutuwa. Yawancin injinan zamani suna tafiya ne da giya mai aiki da matsin mai, kuma a ƙananan samfura an rufe ta ruf, ba wurin zubar da tsohon mai, ba matata. Idan ta yini tana hawan tudu a zafin Gombe, man yana tsinkewa, sai a ga inji yana tafiya lafiya da safe, da rana kuma ya kasa hawan ɗan gangaren da ya hau ɗazu. Tambayar da ta kamaci mai saye ita ce: ana canja man giyar nan? Idan amsar a'a ce, a wuce. Na biyu shi ne kaskon da wuƙaƙe suke juyawa a ƙarƙashinsa. Akwai wanda aka buga daga falle guda na ƙarfe mara kauri, akwai wanda aka haɗa da walda daga ƙarfe mai kauri. A fili mai duwatsu na waldan ne zaɓi, ba don ƙarfinsa kaɗai ba, har don idan ya tsage mai walda na bakin titi zai ɗinke shi. A leƙa ƙarƙashi a ga ko sandunan da ke riƙe wuƙaƙe suna da hancin zuba giris, a ga ko kaskon yana da ƙananan tayoyi a gefe masu ɗaga shi idan ya zo kan tudu. Kada faɗi ya ruɗe mu. Kasko mai faɗi yana saurin gama aiki a filin ƙwallo, amma a ƙasa mai tudu da kwari yana aske ƙoƙon tudu har ƙasa, ya bar tabo tsirara, kuma daga irin wannan tabon ruwa yake fara ci. Na uku, ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba ya zama na zubi mai lilo a tsakiya, yadda tayoyi huɗu za su kasance a ƙasa ko a kan gargada. Tayoyin baya su zama manya. Shi kuwa samfurin nan mai sanduna biyu a madadin sitiyari, wanda yake juyawa a wuri guda, yana da sauri ƙwarai a shimfiɗaɗɗen fili, sai dai tayoyinsa na gaba ba sa riƙe hanya, don haka a gangare mai damshi yana zamewa. Idan fili ya haura hekta da yawa kuma ciyawar daji ce, to a daina maganar injin lambu, a nemi ƙaramar tarakta mai dizal da ake ɗaura wa wuƙar yanka a baya. Makanikan Massey Ferguson ba su da wuyar samu a jihar noma irin tamu.

Wannan ya kawo mu ga kayan gyara. Kafin a biya kobo, a ɗauki lambar bel, da ta wuƙa, da ta matatar iska da ta mai, a je kasuwar Gombe a tambaya. Idan babu, a tambayi Kano ko Jos, a ji kwana nawa za su iso. Injin Honda ko Briggs & Stratton ɗan'uwan na janareto ne, makanikanmu sun san cikinsa. Samfurin da ya fi kowa kyau a takarda amma bel ɗinsa sai an yi oda daga Turai, zai kwana wata biyu a sito a tsakiyar damina. Ya kamata a rubuta a cikin takardar kwangila cewa mai kawowa zai haɗo da bel da wuƙaƙe da matatu na shekara biyu, ya kuma koya wa mutum guda tuƙi da kulawa. Mutum guda nake nufi, mai littafin rubuta sa'o'in aiki, wanda zai canja baƙin mai a kan ƙa'idar littafin inji, ya kakkaɓe matatar iska kullum saboda ƙurarmu, ya zuke fetur daga tanki idan rani ya shigo don kada ya daskare a kafireto. Inji mai direba goma ba ya shekara.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce, ga matasa ba aikin yi, ga masu kiwo suna sayen ciyawa dami-dami, don me za a kawo inji? Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ga dalilin korar masu lauje ba. Gamba da kyasuwar bayan katanga abincin dabbobi ne, a bar musu su yanka su sayar. Amma filin taron ɗalibai da filin wasa da harabar asibiti suna bukatar yanka akai-akai kafin ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye maciji ta tara sauro, kuma ƙa'idar masana ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Lauje ba ya iya wannan a hekta goma. A raba filin, kowa da nasa.

Wani zai ce maganin feshi ya fi arha, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Gaskiya ne a ranar biya. Sai dai feshi yana kashe ciyawa har saiwa, ya bar jigawa a buɗe ga ruwan farko na shekara mai zuwa; ƙonawa ma tsirara take barin ƙasar. Kuɗin fetur na damina guda ba ya kusa da kuɗin cike kwazazzabo ko sake gina katangar da ruwa ya rarake gindinta. Bai dace jihar da ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019 ta riƙa tsiraita filayen makarantunta da hannunta ba.

Na ƙarshe zai ce mai ƙarkon ya yi tsada, gara na hannu. Na hannu ba laifi ba ne idan babban samfuri ne, aka duba agogon sa'o'insa, aka gwada shi a kan tudu bayan ya yi zafi, ba da sanyin safiya a harabar dillali ba. Kuma ba dole kowace makaranta ta mallaki nata ba. Makarantu uku ko huɗu da masallacin Idi a yanki guda kamar Hammadu Kafi za su iya haɗa kuɗi su sayi guda mai kyau, ko wani matashi ya samu rance ya saya ya riƙa yi musu yanka da jadawali ana biyansa a kan hekta. Irin wannan tsari ne manomanmu suka daɗe suna bi da hayar tarakta a farkon damina, kuma shugabannin makarantun da ke zaune a nan za su iya zama a kansa kafin ruwan bana ya sauka.