Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Sabo

Da can, mu mazauna Sabo a Ibadan, direban motar goro muke ba wasiƙa ya kai Kano, mu yi kwana da kwanaki muna jiran amsa. Da wayar salula ta shigo a 2001, WhatsApp ya biyo baya, sai nesa ta zo kusa. To amma fa saƙon murya ya sa mun ajiye rubutu. 'Ya'yanmu haihuwar nan suna karanta Turanci da Yarbanci, amma a rubuce ba sa bambanta ƙarya da karya. Don Allah mu riƙa rubuta musu saƙo da Hausa, su amsa da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya taimake mu, amin.