Gasar Guje-guje Ta Cikin Ɗaki Ta Jami'o'in Amurka
Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiya

 

An nemi in yi bayani a kan wata gasar guje-guje da tsalle-tsalle da ake yi a Amurka, wadda yaranmu ke yawan jin labarinta saboda 'yan Nijeriya da ke cin kyauta a cikinta. Wato gasar cikin ɗaki ta jami'o'i, wadda ƙungiyar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ke shiryawa a watan Maris na kowace shekara.

To, me ya sa ake gudu a cikin ɗaki? Sanyi ne. A wurare da yawa na ƙasar, daga Disamba har zuwa Maris ƙanƙara ce ke rufe fili. Sai aka gina manyan zauruka masu rufi, aka shimfiɗa hanyar gudu a ciki. Zagayen filin waje mita 400 ne, na cikin ɗaki kuwa mita 200. Da yake kwanar ta matse, sai a ɗaga gefenta na waje ta yi gangare, don kada gudu ya jefar da mutum. Kuma tunda wurin ba yalwa, ba a jifan mashi ko faifai, maimakon gudun mita 100 kuma mita 60 ake yi. Amma akwai mita 200, 400, 800, mil ɗaya, mita 3,000 da 5,000, ga tsallake shinge, ga gudun miƙa sanda, ga dogon tsalle da jifan dalma.

An fara gasar maza a 1965 a birnin Detroit, ta mata kuma a 1983. A 2020 'yan wasa har sun hallara a garin Albuquerque, ana gobe za a fara, aka soke ta saboda annobar korona.

Shiga ba da wuri ba ne. A kowane fanni mutum 16 kacal ake ɗauka, waɗanda suka fi kowa bajinta a gasannin da aka yi cikin hunturun nan. Wanda ya zo na ɗaya ya samo wa makarantarsa maki 10, na biyu 8, na uku 6, haka ake sauka har na takwas mai maki 1. A ƙarshe a haɗa lissafi, makarantar da ta fi maki ta ɗauki kofi. Kun ga ke nan wanda ya zo na takwas ma bai yi gudun banza ba. Jami'ar Arkansas, a hannun kocinta John McDonnell, ta ci kofin maza shekara 12 a jere, daga 1984 zuwa 1995. Kafin ita, Jami'ar Texas ta El Paso ta ci sau bakwai tsakanin 1974 da 1982, kuma 'yan Afirka ne ƙarfinta, cikinsu har da Suleiman Nyambui na Tanzaniya.

Jama'a, wannan neman maki shi ne ya sa jami'o'in ke aiko masu farautar gwanaye har ƙasarmu, su ba yaro sukolashif, ya yi karatu yana yi musu gudu. Blessing Okagbare, 'yar Sapele, ta ci mita 60 da dogon tsalle a gasar 2010. Divine Oduduru ya ci mita 200 a 2019. Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode, El Paso ta yi karatu, kuma a 2022 ta kafa tarihin duniya a tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12. Waɗannan garuruwa ba baƙinmu ba ne, akwai 'yan'uwanmu da ke zaune suna kasuwanci a cikinsu.

To ga inda maganar take. Wannan gasa ta ɗalibai ce. Ko da yaro ya fi barewa gudu, in ba ɗalibin jami'a ba ne ba shi da layi a ciki. Sai an duba takardunsa na sakandare an ga ya cika sharaɗi. Bayan ya shiga ma, dole ya riƙa ɗaukar cikakken darasi yana cin jarrabawa, in makinsa ya faɗi a zaunar da shi a benci. Waɗanda na ambata, tun daga wasannin makaranta aka fara ganin irinsu. Mu fa? Yaranmu nawa ne a sakandare a garin nan? Nawa ne suka bari a aji uku suka koma kara ko tasha? Ƙafa muna da ita, duk wanda ya ga samarinmu a filin ƙwallo da yamma ya sani. Takardar ce babu. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Akwai gargaɗi kuma. Okagbare, duk da sunan da ta yi, an dakatar da ita shekara 11 a 2022 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Oduduru an ba shi shekara shida a 2023. Wahalar shekaru ta tafi ke nan. Matasa, duk wanda ya miƙo muku ƙwaya ko allura ya ce za ta ƙara muku gudu, ba masoyinku ba ne.

Saboda haka ina roƙon iyaye abu biyu. Ku bar yara, maza da mata, su kammala sakandare su zauna jarrabawar WAEC. Sa'annan ranar wasannin makaranta kada a hana yaro zuwa don a ce tsere shiririta ne. Ba kowa zai kai Amurka ba, gaskiya ne, mutum 16 fa na ce. Amma wanda gudu bai kai shi ba, takardarsa na nan a hannunsa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu.