Mai Ciwo Ba Ya Tayi



Muna makaranta, wanda zazzaɓi ya kayar asibitin gwamnati ake kai shi, a ba shi magani, ba a tambayarsa ko kwabo. Bayan shigowar SAP a 1986 aka fara miƙa wa mutum takarda a ce je ka sayo.

Bara na raka maƙwabcina wani asibitin kuɗi da tsakar dare. Ɗansa na jijjiga, aka ce sai an ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa shi. Babur ɗinsa ya ba da jingina. A kasuwa in kaya sun yi tsada sai ka yi gaba. Mai ciwo kuwa ba ya tayi, mai asibiti kuma ya san haka.

Masu cewa kyauta ba ta yiwuwa su leƙa Asibitin Noma na nan Sakkwato (ba noman gero ba!), wanda aka buɗe a 1999. Yaran da ciwon daude ya ci wa fuska ana yi musu aiki kyauta, ƙungiyar MSF na taimakawa tun 2014.

Kuɗin fa? A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba.

Cikinmu akwai 'yan majalisa da manyan sakatarori. Ina roƙonku ku ɗauko maganar nan kafin kasafin baɗi.