Launi Uku Masu Gadin Injin Bincike

Akwatin bincike na Wikipedia tarin kwamfutoci ne ke bayansa, kuma shekara da shekaru manhajar Elasticsearch, wadda Shay Banon ya fitar a 2010, ita ta riƙe su.

Manhajar tana yanyanka bayanai gunduwa-gunduwa ta rarraba wa na'urorin, kowace gunduwa da kwafinta a wata na'urar. Injiniyoyi kuwa idonsu na kan launi uku da manhajar ke nunawa. Kore, komai lafiya lau. Rawaya, wani kwafi bai samu mazauni ba. Ja, gunduwa ta asali ta ɓace, sakamakon bincike zai zo da giɓi.

Ma'ajiyar bayanai ma sai an sa ido. Idan ta cika kashi 85 cikin ɗari, na'urar za ta daina karɓar ƙarin gunduwoyi. Idan ta kai 95, shigar da sabbin bayanai ya tsaya cak.