Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wata ungozomar asibiti ta yi wa matan ajin yaƙi da jahilci a cikin birnin Zariya.

Bayan sallama da gaisuwa, malamar ta ce magana ce mai nauyi ta kawo, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ta ce idan ciki ya zube, ko ɓari ne ko zubar da shi aka yi, ba kullum yake fita duka ba. Wani lokaci guntun mabiyiya kan maƙale a cikin mahaifa. Muddin yana nan, mahaifa ba za ta tsuke ba, jini ba zai tsaya ba, kuma cikin 'yan kwanaki sai ya fara ruɓewa.

Ta ce abin ya fi muni idan a ɓoye aka yi aikin, a bayan kantin magani ko a ɗakin wata tsohuwa. Masu wannan ɗanyen aiki kan cusa tsinke, ko waya, ko roba. Tsinken kan karye a ciki. Audugar da aka tura don tare jini kuwa, sai a manta da ita. Mahaifa mai ɗauke da ciki taushi gare ta, ga hanji kwance kusa da ita. Idan ƙarfe ya huda ta ya taɓa hanji, ƙazanta ce za ta malale a cikin ciki. A nan sai tiyata, wani lokaci har a cire mahaifar ɗungum, ko da yarinya ce da ba ta taɓa haihuwa ba. Wadda ta tsira ma, ƙwayoyin cuta kan toshe mata hanyar ƙwai. Bayan shekaru tana gidan miji ana neman haihuwa, sai a ɗora wa kishiya ko aljanu.

Wani bincike na cibiyar Guttmacher ta Amurka ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 an yi wa mata 212,000 magani a Nijeriya saboda illar zubar da ciki, wasu 285,000 kuma sun jikkata ba su sami magani ba. Wato waɗanda suka sha wahala a ɗaka sun fi waɗanda suka kai asibiti yawa.

Malamar ta ce dokar ƙasa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amma yi wa mai zubar jini magani ba laifi ba ne, aikin asibiti ne.

Saboda haka, in an ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da rawar ɗari, ko ruwa mai wari, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko muƙamuƙi ya sarƙe, a bar jiƙo da ruwan zafi. A nufi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Shika, ko da tsakar dare ne. Ta roƙi maigida da ke tafiye-tafiye ya bar izini tun kafin ya fita.

In an je, a gaya wa ma'aikata gaskiya: me aka sha, me aka cusa, kuma yaushe. Hoton ciki kan nuna ragowar da ta maƙale, amma tsinke da auduga ba kullum suke fitowa a hoto ba. In an zo da wuri, sau da yawa wankin ciki da magani sun wadatar.