Yadda Harshen R Zai Amsa Tambaya da Baki



Da yawa a zauren nan kun san R, harshen kwamfuta na masu ƙididdiga. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara gina shi a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, siga ta 1.0 kuma ta fito a watan Fabrairun 2000. Tun daga lokacin, duk abin da R ke fitarwa don ido ne: jadawali, zane, jerin alƙaluma. Yau ina so mu duba yadda za a sa shi ya yi wa kunne aiki ta hanyar Alexa, mataimakiyar murya da kamfanin Amazon ya fitar a 2014, ya kuma ba masu gina manhaja damar ƙara mata ƙwarewa a 2015.

Mutum ya yi tambaya, na'urar Echo, wadda ake magana da Alexa ta cikinta, ta aika muryarsa zuwa kwamfutocin Amazon. A can ake mayar da sauti rubutu, a gano nufinsa, a ware abubuwan da ya ambata, kamar sunan gari ko kwanan wata. Daga nan a turo maka ɗan saƙo a tsarin JSON. Kai muryar ba ta iso gare ka. Naka shi ne ka karɓi saƙon, ka yi lissafi, ka mayar da jimlar da Alexa za ta furta.

Yawancin masu wannan aiki suna ɗora manhajarsu a kan AWS Lambda, dandalin Amazon na gudanar da manhaja, da Python ko Node.js. R ba ya cikin harsunan da Lambda ke zuwa da su, ko da yake tun 2018 an ba kowa damar shigar da harshen da yake so. Ni dai na fi ba ɗalibi shawarar ya fara da plumber, ƙunshin da Jeff Allen ya ƙirƙira. Layi biyu ko uku za ka rubuta a saman aikin da ka riga ka gina, sai ya zama ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ta intanet. Sharaɗin Amazon shi ne ƙofar ta zama ta HTTPS, ka tantance sa hannun kowane saƙo, ka kuma ƙi wanda ya wuce daƙiƙa 150 da aikowa.

Akwai wani ƙaramin tarko da ke kama kusan duk wanda ya zo daga R. A wajen R, kowane abu jeri ne, ko da kalma ɗaya ce. Don haka idan ƙunshin jsonlite ya mayar da amsarka zuwa JSON, sai ya saka jimlarka cikin baka mai kusurwa, kamar jerin abubuwa. Alexa kuwa jimla take jira. Ka duba allonka, komai daidai, amma na'urar ta ce an samu matsala. Maganinsa shi ne kunna zaɓin auto_unbox. Tarko na biyu lokaci ne: kimanin daƙiƙa 8 Alexa ke jira. Wanda ya bari sai an yi tambaya sannan R ya fara loda bayanai da gina tsarin hasashe, to ya makara. A yi lissafi mai nauyi tun da dare, a ajiye sakamakon, tambaya na zuwa a miƙa.

Duk wannan ana iya koyonsa a mako guda. Abin da ya fi damuna shi ne me za a faɗa. A ce shugabar wani asibiti ta tambayi yawan marasa lafiyar da ake sa ran za su zo mako mai zuwa. A allo, R zai nuna mata 412.7391, da iyakar sama da ta ƙasa, da zanen da ke nuna faɗin rashin tabbas. Kunne ba ya ɗaukar wannan kaya, kuma mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake dubawa. Abu mafi sauƙi shi ne a sa Alexa ta ce 413 ta yi shiru. Ina roƙonku kada ku yi haka. Murya mai natsuwa tana sa hasashe ya yi kama da tabbas, shugabar kuma da wannan adadi za ta tsara magani da masu aikin dare. Gara ta ji an ce: kusan 400, amma zai iya sauka zuwa 350 ko ya kai 470. Jimlar ta ɗan yi tsawo, sai dai ita ce gaskiyar abin da lissafin ya nuna. Tsara irin wannan jimla aikin mai ilimin ƙididdiga ne, domin shi ya san abin da za a iya ragewa da wanda in an rage shi an yaudari mai tambaya.

Na san tambayar da ke bakin wasunku. Alexa ta samu harshen Hindi a 2019, ta samu Larabci a 2021, amma ba ta jin Hausa. Haka kuma dandalin na kamfani ne, yana iya sauyawa: a watan Yunin 2023 Google ya rufe irin wannan ƙofa da ya buɗe wa masu gina manhajar hira a kan Google Assistant. Saboda haka ku raba ɓangaren R da ɓangaren Alexa tun daga farko, yadda lissafin da jimlolin za su yi aiki da kowace na'urar da ta iya sauraro. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa kyauta ga masu gina irin waɗannan na'urori, kuma da wayar hannu kaɗai kowannenku zai iya ba da tasa muryar.