Lacca: Bargery da aikin tattara kalmomin Hausa

Batun yau shi ne wani mutum da ya share shekara 13 yana farautar kalmomi, watau George Percy Bargery, mai babban ƙamus na Hausa da Ingilishi.

An haife shi a Exeter ta ƙasar Ingila a 1876. Ya iso ƙasar Hausa a 1900 a matsayin ɗan mishan, daga baya ya koma aikin ilimi ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka ta Arewacin Nijeriya. A 1921 aka ɗora masa nauyin haɗa ƙamus, amma littafin bai fito ba sai a 1934, daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ɗauke da kalmomi sama da 39,000.

Me ya jawo wannan jinkiri? Dalili shi ne Bargery bai wadatu da kwafar abin da magabatansa, irin su Schön da Robinson, suka rubuta ba. Gari gari ya bi, yana sauraron bakin masu harshe, har yakan nuna cewa wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan kuwa ta Katsina. Sa'an nan ya yi wa kalmomi alamar karin sauti da tsawon wasali, domin a rarrabe kukan yaro da kukar miya, waɗanda a rubuce kamarsu ɗaya.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Malaman Hausawa, musamman Malam Mahmudu Ƙoƙi na Kano, su ne suka riƙa warware masa ma'anoni, ko da yake sunan Bature ne ya hau bangon littafi. Bayan haka Bargery ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, ya kuma rasu a 1966.

To, ina darasi ga Nijar? A 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta ƙera kalma, ba ta kuma adana ta. Mushe a lakkol, da alƙali a kotu, da ɗan jarida, kowannensu yana bukatar ƙamus da zai dogara da shi. Kalmomin maƙera da majema da masaƙa na Adar, Gobir, Arewa da Damagaram kuwa suna bakin tsofaffi, kuma duk tsohon da ya kwanta dama da nasa yake tafiya.

Saboda haka ya kamata gwamnati da jami'o'i su ware kuɗi, su tura ƴan ƙasa ƙauyuka da alƙalami da na'urar ɗaukar magana tun masu sanin suna raye. A wannan karo kuma, a rubuta sunan kowane malami da ya ba da kalma.

Allah ya sa a dace. Wassalam.